Tsakanin Kano da Guangzhou: yadda ake tare rigimar ciniki tun kwantena ba ta taso ba

A Kantin Kwari mutum yana iya ɗaukar kayan miliyoyin naira da fatar baki, ba takarda ba sa hannu, kuma ranar da ya ɗiba ya kawo kuɗi. Ba don 'yan kasuwarmu waliyyai ne ba. An san gidan mahaifinsa, an san masallacin da yake sallar asuba, an san inda ya yi aure. Ranar da ya ci amana, kafin la'asar labari ya gama zaga layi, gobe ko turmi ɗaya ba mai ba shi bashi. Kunya da idon jama'a su ne alƙali, su ne ɗan sanda.

To, wannan alƙalin ba ya haye teku. Mai masaƙa a Shaoxing ko mai masana'antar tayil a Foshan, can ƙasar Sin, bai san surukanka ba, kai ma ba ka san nasa ba. Duk abin da idon jama'a yake yi maka kyauta a gida, a can sai ka gina shi da hannunka: da takarda, da samfur, da yadda ka tsara biyan kuɗi. Kuma a iya abin da na lura, yawancin rigingimun da ke tashi tsakanin mutanenmu da Sinawa ba daga damfara suke farawa ba. Damfara akwai ta. Amma abin da ya fi yawa shi ne mutum biyu sun gama ciniki suna murmushi, kowa da hoton kayan da ke cikin kansa, hotunan kuwa ba iri ɗaya ba ne. Ba za a gane ba sai kwantena ta iso bayan wata biyu ko uku, lokacin kuɗi ya daɗe da barin hannu.

Na rubuta wannan ne domin mai saro kaya daga Sin, Alhaji ne ko Hajiya. Mai zuwa Turkiyya ko Indiya ko Dubai shi ma zai tarar yawancin maganar ta shafe shi.

Mataki na ɗaya: da wa kake cinikin?

Tambayar kamar ta rainin hankali, amma gwada ta a kan odarka ta ƙarshe. Ka ba wani naira a Kano, ɗan'uwansa da ke unguwar Xiaobei a Guangzhou ya ba wani yuwan, wannan ya kai wa mai shago, mai shago ya yi oda a wata masana'anta da ko sunanta ba ka taɓa ji ba. In kaya suka zo a lalace, wuyan wa za ka riƙe? Kowa na gabansa zai nuna maka.

Don haka ka fara da neman hoton lasisin kamfanin. Kowane kamfani mai rajista a Sin yana da lasisi ɗauke da sunansa cikin rubutun Sinanci, da lamba mai gurbi 18, da sunan mutumin da doka ta sani a matsayin wakilinsa. Sunan Turancin da ke kan katinsa ado ne, na Sinancin kotu ta sani. Gwamnatinsu tana da rumbun rajistar kamfanoni a intanet, gsxt.gov.cn, kyauta ne. Ana sa lambar a ga ko kamfanin yana raye, yaushe aka kafa shi, da irin sana'ar da aka ba shi izini. Ka sa mai jin Sinanci ya duba maka. A nan ake gane wanda ya ce yana da masana'anta alhali dillali ne. Dillanci ba laifi ba ne, da shi rabin Kano ke ci. Amma ka san da dillali kake magana, domin ba shi da ikon gyara abin da injin wani ya ɓata.

Daga nan sai ka tabbatar sunaye uku sun zama ɗaya: na kan lasisi, na kan jan hatimin da za a buga wa yarjejeniya, da na asusun bankin da za ka tura wa kuɗi. A Sin wannan jan hatimin shi ne ke ɗaure kamfani, ya fi sa hannun yarinyar da ke amsa maka saƙo nauyi nesa ba kusa ba. In aka ce ka tura kuɗin wani asusu na daban, na matar maigidan ko na wani kamfani a Hong Kong, ka nemi takarda mai hatimi da ta ce kuɗin da ya shiga can ya shiga hannunsu ne. In ba su bayar ba, kar ka tura.

Ejan ɗinka ma ka zauna da shi, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Nawa ne la'adarsa? Yana karɓa daga wancan ɓangaren ma? In ya duba kaya ya ce sun yi, suka zo ba su yi ba, wa zai ɗauki asarar? Kunya ke hana mu yin waɗannan tambayoyi, kuma zumuncin da ake gudun ɓatawa shi ne ke fara mutuwa ranar da kwantena ta zo da matsala.

Mataki na biyu: a fitar da hoton da ke cikin kai a sa shi kan takarda

A nan zan daɗe, don a nan ake haihuwar rigima.

"Irin wannan nake so" ita ce jimla mafi tsada a wannan harka. Ka nuna yadi, ya duba ya ce babu matsala. Sinawa suna da wata kalma, chabuduo, ma'anarta "kusan haka ne". Kai kana nufin sak, shi ya ji kusan. In kuma ka matse shi a farashi har ya kai inda ba riba, ba zai ce maka a'a ba. Zai karɓa, ya je ya cire bambancin daga jikin kayan: zare ya ragu, roba ta yi siriri, batir ya yi sauƙi. Araha ba ta ado. Duk lokacin da aka sauko maka da farashi da saurin da ya ba ka mamaki, ka tambaya kai tsaye: me aka rage?

Ka rubuta komai da alƙaluma. In yadi ne: auduga kashi nawa, roba kashi nawa, nauyin giram nawa a kowace murabba'in mita, faɗi inci nawa, lambar launi, ko yana zuba in an wanke. Sannan awo. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne. A ce ka yi odar 20,000 kana nufin mita, shi ya auna da yadi, to mita 18,288 za ta iso maka. Mita 1,712 ta tafi, kuma ba wanda ya yi ƙarya. In kayan wuta ne, ka rubuta cewa wutarmu 230 ce mai 50 Hz, filogi mai ƙafa uku irin na Ingila. In batir ne ko farantin sola, ba abin da aka buga a jikin kwali za ka rubuta ba, abin da na'urar gwaji za ta nuna za ka rubuta, da iyakar ragin da za ka yafe. Har kwalin kansa: guda nawa a katan, kaurin katan, abin da za a rubuta a jiki. Kayan da za su sha tafiya daga Apapa zuwa Kano a bayan tirela ba sa son katan mai laushi.

Ba baƙon abu ba ne wannan a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi da ajalinsa. Kuma sharaɗin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa cinikin da ake ba da kuɗi kafin kaya shi ne a yi shi da sanannen mudu, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Oda daga masana'anta ita ce wannan cinikin sak. Abin mamaki, mai karanta ayar kullum shi ne zai ji nauyin cewa a rubuta.

Bayan rubutu sai samfur. A yi guda uku iri ɗaya daga injin da zai yi aikin, ba wanda aka ciro daga ɗakin nuni ba. Ku sa hannu da kwanan wata a jikin kowanne, a buga hatimi. Ɗaya wurinka, ɗaya wurinsu, ɗaya wurin wanda zai duba kaya. A yarjejeniya a ce samfurin nan shi ne ma'auni. Ranar gardama ba a buƙatar tafinta, ajiye su kawai ake yi gefe da gefe.

Yarjejeniyar a yi ta da Turanci da Sinanci, a faɗi wanne ke rinjaye in sun saɓa. In na Sinancin ne, to ka biya wani wanda ba ruwansa da cinikin ya karanta maka shi layi-layi. Takardar farashin da suke turowa, wadda ake kira PI, ba ta wadatar ba, su suka tsara ta kuma don kansu.

Mataki na uku: a ina kaya ke zama naka?

Haruffa ukun da ake liƙawa bayan farashi, FOB ko CIF ko EXW, ƙa'idoji ne na wa ke biyan kuɗin jigila da inda hatsarin kaya ke komawa kan mai saye, waɗanda Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya, ICC, mai hedikwata a Faris take fitarwa da sunan Incoterms. Na yanzu na 2020 ne, guda 11. Ka rubuta su cikakku da sunan tashar jirgi, misali FOB Ningbo, Incoterms 2020.

Kuskuren da ya fi yawa a kan CIF ne. Mutum ya ga CIF Legas sai ya ɗauka kayan suna wuyan mai sayarwa har su sauka Legas. Ba haka ba ne. Shi ke biyan kuɗin jirgi da inshora, amma hatsarin kaya yana dawowa kanka tun ranar da aka ɗora su a jirgi a can Sin, daidai da FOB. Inshorar da CIF ta wajabta masa kuma mafi ƙanƙanta ce, ba kowace irin ɓarna take biya ba. In ruwa ya shiga kwantena a teku, da kamfanin jirgi da na inshora za ka yi, ba da masana'anta ba. Wanda bai san wannan ba sai ya ɓata mako uku yana faɗa da wanda ba shi da laifi, wa'adin kai kuka inda ya dace kuwa yana ƙarewa.

Ku raba aikin takardu ma tun yanzu. Form M, takardar shigo da kaya Nijeriya da ake cikewa ta banki, naka ne, kuma kafin a yi lodi ake buɗe shi. Shaidar SONCAP kuwa, ta ingancin kaya da hukumar SON ke buƙata, ba ta samuwa sai da haɗin kansu, don a can ake gwajin. In abinci ne ko magani ko kayan shafa, ga NAFDAC. Takarda ɗaya in ta makara, kwantena na zaune a tasha kuɗin jinkiri na hawa kullum. A rubuta cewa wanda takardarsa ta jawo jinkirin shi zai biya.

Mataki na huɗu: kuɗin da ke hannunka shi ne bakinka

Tsarin da aka saba shi ne kashi 30 kafin alƙalami, kashi 70 in an gama. Abin da ya kamata ka yi faɗa a kai ba girman kason ba ne, sharaɗin sakin cikon ne. Kar ya zama "in an gama aiki". Ya zama "in mai duba kaya ya ce sun yi daidai da samfur". Muddin kashi 70 na aljihunka, wayarka ana ɗauka da ƙara ɗaya. Ranar da ya fita, sai ka fara jin maigidan ya yi tafiya.

Akwai wata dabara a dokar Sin da kaɗan daga mutanenmu suka sani. Kalmomi biyu ne, duka ana furta su dingjin, amma rubutunsu daban. In aka rubuta 订金, kuɗin somin-taɓi ne kawai, in ciniki ya rushe a mayar maka da abinka. In aka rubuta 定金, jingina ce: in kai ka fasa, ka rasa shi, in su suka saɓa, ninki biyu za su mayar. Doka ta tsayar da shi a kashi 20 na kuɗin ciniki. A ce odar dala 50,000 ce ka ba da 15,000. Dala 10,000 ce za ta zama jingina, in suka kasa kawo kaya ana bin su 20,000, da ragowar 5,000 ɗinka. Harafi ɗaya ne tsakani. Ka sa a duba wanne aka rubuta maka.

Duba kaya kuma kar ka bar wa hotunan WeChat, manhajar hirar da Sinawa ke amfani da ita. Cinikin biri a sama ke nan. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek, akwai ƙanana ma masu sauƙin kuɗi. Ba duk kayan suke buɗewa ba, akwai jadawalin da ake bi mai suna AQL. A oda mai guda 5,000, a matakin da aka fi amfani da shi na 2.5, za a zaro 200 daga katan daban-daban. In masu babban aibi sun wuce 10, kayan sun faɗi. Ka sa wannan a yarjejeniya, ka ƙara da cewa in sun faɗi, gyara da kuɗin dubawa na biyu a kansu yake. In odar babba ce, a leƙa tun aiki yana kashi ɗaya cikin biyar, don launin da ya kauce a bandir ɗari ana iya gyara shi, a bandir dubu kuwa sai haƙuri. Ranar lodi ma a samu mai tsayawa ya ƙirga katan, ya ɗauki hoton lambar kwantena da ta kubar da aka rufe ta da ita.

Masu manyan oda suna bi ta banki da LC, wato takardar da banki ke yin alkawarin biyan mai sayarwa in ya gabatar da takardun da aka shardanta. Yana da kyau, amma ka san iyakarsa: a ƙa'idar UCP 600 da bankuna ke bi tun 2007, banki takardu yake dubawa, ba kaya ba. In takardu sun yi daidai zai biya ko da yashi ne a kwantenar. Maganin shi ne ka sa shaidar mai duba kaya cikin takardun da dole a gabatar.

Abu ɗaya kuma, gajere. Duk ranar da saƙon imel ya zo cewa sun canja asusun banki, kar ka tura ko sisi sai ka kira wanda ka sani ta bidiyo, a lambar da ka saba. Ɓarayi suna kutsawa cikin imel ɗin kamfanoni su jira ranar biyan ciko.

Mataki na biyar: lokaci, da abin da ba a hannun kowa yake ba

Mu da Sinawa kowa da kalandarsa, kuma ba mai tuna ta ɗan'uwansa. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Masana'antu na rufewa makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu ba sa dawowa, sai a ɗebi sababbin hannu. Kayan da aka yi cikin gaggawar kafin hutu da na farkon dawowa su suka fi zuwa da aibi. Akwai kuma hutun mako guda daga 1 ga Oktoba. Su kuma ba su san cewa atamfar da ta iso kwana uku bayan sallah ta zama kayan ajiya ba. Ka gaya musu dalilin ranar da ka sa, ka rubuta ranar lodi da alƙaluma, ka sa tarar jinkiri, misali rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane mako har zuwa kashi 5, bayan nan kana da ikon fasawa a mayar maka da kuɗinka.

Kai ma ta ɓangarenka ana iya samun cikas, kuma adalci shi ne a faɗe shi tun farko. A watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 700 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutane da yawa sun ba da kafin alƙalami, ciko ya gagara, kaya na jibge a sito a Sin. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe iyakoki, kayan 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai suka maƙale a Kwatano. Rufe iyaka ko yaƙi ko annoba ana iya rubuta su cikin uzurorin da ke dakatar da alkawari. Faɗuwar naira kuwa ba kasafai ake karɓar ta a matsayin uzuri ba. Don haka ka nemi a rubuta kwana nawa za su riƙe maka kaya in ciko ya makara, nawa ne kuɗin sito, kuma sai bayan wane wa'adi za su iya sayar wa wani. In tambarinka ne a jikin kayan, wannan sharaɗin ya fi komai muhimmanci.

Mataki na shida: ku zaɓi alƙali tun kuna shiri

Ba mai son maganar saki ranar ɗaurin aure, amma sakin layi ɗaya ne. A rubuta tsani mai hawa uku: shugabannin ɓangarorin biyu su tattauna cikin kwana 14, in ba a daidaita ba, a sa mai shiga tsakani cikin kwana 30, in ya gagara, a je gaban masu raba gardama, waɗanda hukuncinsu ke ɗaure kowa.

Me ya sa ba kotu ba? Don hukuncin babbar kotun Kano yana da wuyar aiwatarwa a kan dukiyar da ke lardin Zhejiang na Sin. Hukuncin masu raba gardama kuwa yana da gada: Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, Nijeriya a 1970, Sin a 1987. A gida ma dokar raba gardama da sulhu ta 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. Ka zaɓi wurin da ke kusa da dukiyar wanda kake jin za ka bi bashi. In kai ne mai ba da kuɗi, hukumar raba gardama ta CIETAC a Sin ko ta HKIAC a Hong Kong sun fi maka amfani a kan Legas, ko da zuciyarka ta fi kwanciya da gida. Tun Oktoban 2019 ma wanda ke shari'a a HKIAC yana iya roƙon kotun cikin Sin ta riƙe dukiyar abokin gardamarsa kafin a yanke hukunci.

A rubuta cikakken sunan hukumar, da garin zama, da harshen da za a yi amfani da shi, da dokar ƙasar da za a bi, da cewa mai hukunci ɗaya ne don sauƙin kuɗi. Kar a rubuta "kotu ko raba gardama", kotunan Sin suna ɗaukar irin wannan sharaɗi a matsayin marar inganci. Wannan sakin layin dai lauya ya kamata ya gani.

Mataki na bakwai: hayaƙi kafin wuta

Rigima tana sallama kafin ta shigo. Wanda ke amsa saƙo cikin minti biyar ya koma kwana biyu. Ka nemi bidiyon aiki an turo hoton katan a rufe. An canja maka wanda kake magana da shi ba bayani. An fara cewa kayan aiki sun yi tsada. An matsa ka biya ciko kafin mai dubawa ya zo "don kar jirgi ya wuce". Kowanne cikin waɗannan dalili ne na ɗaga waya a yau, ba mako mai zuwa ba.

Sinawa da yawa ba sa son furta mummunan labari kai tsaye, kamar yadda mu ma muke cewa "sai dai a duba" alhali mun san ba za a yi ba. Saboda haka kar ka tambayi "komai lafiya?", amsar kullum lafiya ce. Tambayi guda nawa aka gama zuwa yau, a wane inji, a nuna maka yanzu. Suna gabanmu da awa bakwai, in ka kira bayan asuba ka same su tsakar aiki. Duk abin da kuka yanke ta waya, ka rubuta shi a taƙaice ka tura, ka nemi su amsa da "mun yarda". Kotunan Sin suna karɓar hirar WeChat a matsayin hujja, amma fayilolin da ba a sauke ba suna ɓacewa bayan kwanaki, wayar kuma tana iya faɗawa ruwa. Ka riƙa kwashewa kana adanawa.

Mataki na takwas: an buɗe kwantena, abin bai yi ba

Makon farko shi ke yanke yadda za ta ƙare. Kafin a fasa kuba, a ɗauki hotonta da lambarta. A yi bidiyon buɗewa ba yankewa. In jiƙewa ce ko murƙushewa, a rubuta a takardar karɓar kaya, a sanar da kamfanin jirgi da na inshora nan take, don wa'adinsu na kwanaki ne. In aibin masana'anta ne, a ware masu aibin, a ƙirga, kar a sayar da su tukuna. Wanda ya sayar da rabi sannan ya dawo yana kuka ya raunana hujjarsa da hannunsa. Dokar Sin ta ce mai saye ya sanar da aibi cikin wa'adin da aka rubuta, in ba a rubuta ba cikin lokacin da ya dace, in ya yi shiru a ɗauka ya karɓa. Kar ka jira sai ka huce.

Amma kuma kar ka rubuta da zafi. Na san abin da zuciya ke raya wa mutum: ya kira su ɓarayi, ya watsa hotonsu a kowane zauren WhatsApp. Magana zarar bunu ce. Mutumin Sin yana tsaron mutuncinsa a idon jama'a kamar yadda Bahaushe ke yi. In ka tozarta shi a gaban yaransa, zai gwammace ya rasa ka da ya amsa laifi. Saƙon farko ya zama kamar haka: "Kwantena mai lamba kaza ta iso ranar kaza. Mun buɗe katan 60, mun sami guda 410 da launinsu ya saɓa wa samfurin da muka sa wa hannu. Ga hotuna da bidiyo. Muna son mu ci gaba da aiki da ku. Ku gaya mana kafin ranar kaza yadda kuke ganin za a gyara." Ba zagi, ba barazana, kuma ba ka yafe komai ba.

Ka nemi maigidan da kansa, laoban kamar yadda suke cewa, don mai amsa saƙo ba ta da ikon rage ko dala ɗaya, wataƙila ma tana ɓoye masa don kar a zaftare mata la'ada. Ka ba shi ƙofar fita da mutunci: bari ya ce laifin mai rini ne ko na sababbin ma'aikata. Kai gyara kake nema, ba ikirari ba.

Ka san kuma abin da ke iya samuwa. Mayar da tsabar kuɗi daga Sin shi ne abin da suka fi ƙi, mayar musu da kaya kuwa kuɗin jirgi da na kwastan sun cinye shi. Abin da aka fi daidaitawa a kai shi ne ragi a oda ta gaba, ko a ƙaro kaya kyauta a kwantena mai zuwa, ko a raba asarar karyar da farashin da za ka yi a kasuwa. Ragin oda ta gaba yana da ƙugiya: ya ɗaure ka da wanda ya riga ya ɓata maka, kuma ana iya cusa kuɗin cikin sabon farashi. In za ka karɓa, a tsayar da farashin tukuna, sannan a cire ragin, a rubuta, a buga jan hatimi, da ranar cikawa.

In an kai kwana 14 ba motsi, sai a hau mataki na gaba. Mai shiga tsakani yana iya zama wani babban ɗan kasuwa da masana'antar ke jin nauyinsa don yawan odarsa, ko shugabannin 'yan Nijeriya mazauna garin, ko cibiyar sulhu ta hukumar bunƙasa cinikin waje ta Sin, CCPIT. In ta dandalin Alibaba ka biya ƙarƙashin tsarinsu na kare mai saye, ka shigar da ƙorafi kafin wa'adinsa ya cika, kar lallashi ya sa ka bari ya wuce. Bayan nan sai wasiƙar lauyan can, da Sinanci, mai ambaton sunan kamfanin na rajista da sharaɗin da aka karya. Sau da yawa ita kaɗai ke sa a ɗauki wayar da aka daina ɗauka.

Kafin ka wuce nan, zauna da biro. Dokar Sin ta ba da shekara huɗu don kai ƙara a kan cinikin kaya tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda haka ba gaggawar da za ta hana ka lissafi. Ka haɗa kuɗin rajistar ƙara, da na lauya, da na fassara, da na tafiya, da watannin da za ka yi hankalinka ba ya kan shago. Ka sa a sake duba kamfanin a rumbun rajista, a ga ko yana nan da rai kuma yana da abin da za a kama. In asarar dala 4,000 ce, karɓi ragin da aka ba ka, ka nemi wata masana'anta a hankali ba tare da ka sanar da su ba. In ta kai 80,000, kuma kana da yarjejeniya mai hatimi, da samfur mai sa hannu, da rahoton mai duba kaya, da shaidar cewa asusun kamfanin ka biya, to ka ba lauya takardun ya shigar.